Babin Rijiya Bayan Ambaliya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta da alayensa da sahabbansa.

Ruwa in ya janye kar ka ce an tsira,
Sauran bala'in na cikin rijiya.
Ruwan alwala daban hukuncinsa,
Daban na sha ga mai son lafiya.
Wanda ke tudu shi sauko wa na kwari,
Da jarka da shebur har da tsintsiya.

Sharhi: Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Duwala gari ne na bakin kogin Wuri, ruwansa na shekara ya kan haura milimita 3,500, mafi yawansa a Yuli da Agusta. In sama ta zuba alhali teku ta cika, lambatu ba shi da inda zai kai ruwa, sai ya komo cikin gidaje. Mun ga haka a Yunin 2015, mun sake gani a Agustan 2020.

Baiti na farko yana nufin cewa a New Bell da makamantanta rijiya ba ta da zurfi, kuma ga masai kusa da ita. Ambaliya ta kan gama su wuri ɗaya. A 2004 kwalara ta tashi daga Bepanda ta kama mutum fiye da 5,000 a garin nan, har hukuma ta bi rijiyoyi da magani.

Baiti na biyu shi ne wurin da almajirai su ke zamewa. A mashhurin mazhabar Malik, ruwan da najasa ta sauya launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai halatta ga ibada ba, bai halatta ga sha ba. In laka ce kaɗai ta jirkita shi, ba kome. In najasa ta faɗa bai sauya ba, alwala ta yi, sai dai an karhanta in kaɗan ne kuma ga wani. Mai Risala ma ya fi tsanantawa a kan kaɗan ɗin. To, na ji wani yana karanta wannan yana ce wa mata su sha tunda ruwan garau ya ke. Wannan jahilci ne da rigar ilmi. Fiƙihu ya yi magana a kan abin da ido da hanci su ke riska, ƙwayar cuta kuwa ba ta da launi, cutar da rai kuma haramun ce. A tafasa, ko a sa maganin da ma'aikatan lafiya su ka bayar. Wanda ya rasa ruwa mai tsarki ya yi taimama, ko da a kan taɓo in bai sami waninsa ba, ya ɗora hannu da sauƙi.

Baiti na uku ku na ke nufi, mutanen PK 14, da Allah ya ɗora a tudu. Buhun shinkafa ranar farko alheri ne, amma bukata ta fi tsanani a mako na biyu, lokacin da masu jaje su ka watse. Kai ruwan sha, da kwashe rijiya, da yashe lambatu farilla ce ta kifaya, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. A shekara ta 17 bayan Hijira ambaliyar Ummu Nahshal ta ɗauke Maƙamu Ibrahim zuwa gangaren Makka. Sayyidina Umar ya taso daga Madina ya mai da shi wurinsa, sa'an nan ya gina madatsa a saman gari. Muƙaddamin kowace zawiya ya tsayar da ranar wannan aiki bayan wazifa, a rubuta gidajen gwagware da marayu a fara da su. Wallahu a'alamu.