DARASI: LITTATTAFAN SOYAYYA DA ABIN DA ƳAƳANMU KE NEMA A CIKINSU

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci zukata, Ya kuma san abin da suke ɓoyewa da abin da suke bayyanawa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, darasinmu na wannan fitowa amsa ce ga wata tambaya da iyaye suke yawan kawo wa malamai a Magarya da Dungas da Bande da Waca da sauran garuruwanmu. Tambayar kuwa ita ce: mene ne matsayin littattafan soyayyar nan da ƴan mata da matan aure suka duƙufa a kan karanta su da sauraren su? Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san haƙiƙaninsa. Saboda haka za mu fara da sanin inda littattafan suka fito, sa'an nan abin da ke cikinsu, sa'an nan mu ɗora su a ma'auni.

ASALINSU

Ƙagaggen labari a rubutun boko ya soma ne da gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da wasunsu. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, labarin wata Bafillatana mai suna Boɗaɗo da ta so wani saurayi da ba ɗan ƙabilarta ba, danginta kuwa suka ƙi. Wannan shi ne ya buɗe ƙofa ga mata marubuta.

Amma ambaliyar ta zo ne daga tsakiyar shekarun 1980, kuma tana da dalilai biyu. Na farko, shirin ilimin firamare kyauta da Nijeriya ta ƙaddamar a 1976 ya yaye ɗimbin matasa masu iya karanta Hausa, alhali babu abin karantawa da ya shafi rayuwarsu. Na biyu, matsin tattalin arziki na waɗannan shekaru ya karya ƙarfin manyan kamfanonin ɗab'i, sai matasan suka shiga rubutawa da kansu, suna kai wa ƙananan maɗaba'u, suna kuma kai wa ƴan kasuwa su sayar. Daga nan aka sami Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, da Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Marubutan Kano suka kafa ƙungiya mai suna Raina Kama. Wani malamin jami'a, Ibrahim Malumfashi, ya laƙaba wa littattafan sunan Adabin Kasuwar Kano, aka yi shekaru ana muhawara a jaridu tsakaninsa da masu kare su, irin su Ibrahim Sheme da Abdalla Uba Adamu.

YADDA SUKA ISO MANA

Mu a nan kan iyaka muke. Mutumin Magarya yana bi ta Tinkim ya shiga Ɓaɓura ya wuce Kano, mutumin Dungas kuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis kamar kasuwar garinsu ce. Hanyar da atamfa da tasoshi suka biyo, ita littattafan suka biyo, ƙanana, masu arha, kashi na ɗaya da na biyu da na uku. Littafi guda yakan zaga gida goma har bangonsa ya yage. Wadda ba ta iya karatu ba ta zauna kusa da wadda ta iya, ko ta kunna rediyo ta ji ana karantawa daga tashoshin ƙetaren iyaka.

A nan akwai abin lura da ya keɓanta da mu. Yaranmu da Faransanci suka yi karatun lakwal, na madarasa kuma da Larabci da Faransanci. Da yawa daga cikin ƴan matan da aka cire daga lakwal tun suna ƙanana, da ba domin waɗannan littattafai ba, da baƙaƙen da suka koya sun gudu daga kansu. Sha'awar jin ƙarshen labari ita ta sa suka daure suka gane yadda ake haɗa baƙi da wasali a Hausa. Yanzu da dokar ƙasa ta 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, bai kamata a manta da wannan gudummawa ba. A yau takarda ta ja baya, labaran sun koma cikin wayar salula, ana tura su ta WhatsApp, ana sauraren su ta YouTube, amma masu karatun suna nan, sun ma ƙaru.

ME SUKE NEMA A CIKI?

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya riƙe zukatan mata shekara arba'in, lalle akwai wata ƙishirwa da yake kashewa. Bari mu dubi uku daga cikin fitattun littattafan.

A cikin In Da So Da Ƙauna, Sumayya ɗiyar masu hali ce, tana son Muhammad wanda ba shi da komai sai ilimi da hali nagari. Wani attajiri mai suna Abdulƙadir ya biyo ta hannun manyanta, aka matsa mata, har baƙin ciki ya kai ta ga faɗawa rijiya. Tambayar da littafin ya ɗora a gaban jama'a ita ce: shin dukiya ake aura wa ɗiya ko mutum?

A cikin Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, an cire Abu daga makaranta, aka ɗaura mata aure da Sarkin Noma, dattijon da ya yi jika da ita. Ta gudu, ta koma karatu da girmanta, har ta zama ma'aikaciyar jinya. Marubuciyar kanta an yi mata aure tana da ƙuruciya, auren ya mutu, sai daga baya ta nemi ilimi a ajin manya. Ashe abin da ta ɗanɗana ne ta rubuta.

A cikin Alhaki Kwikwiyo Ne, na ita Balaraba ɗin, Alhaji Abdu ya yi sabuwar amarya, ya kori uwargidansa Rabi da ƴaƴanta tara, ta koma sayar da abinci tana ciyar da su. A 2012 an fassara wannan littafi zuwa Ingilishi, aka buga shi a ƙasar Indiya.

To, ya ku ƴan'uwa, wane ne a cikinmu bai san wata Sumayya ko wata Abu ko wata Rabi a unguwarsu ba? Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna cewa 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kuma jihar Damagaram tana cikin inda abin ya fi yawa. Al'adarmu ta ginu a kan kunya, kunya kuwa ado ce, kuma yanki ce ta imani. Sai dai ɗiyar da ba ta iya ɗaga ido ta dubi mahaifinta, ta yaya za ta ce masa ba ta son wanda ya zaɓa mata? Matar da aka rena a kan haƙuri, wa za ta gaya wa cewa an yi wata ba a shiga ɗakinta ba? Abin da baki ya kasa faɗa, shi alƙalami ya faɗa. Mai karatu tana ganin ciwonta a jikin wata, tana ganin an ambaci sunansa, tana kuma ganin a ƙarshe mai gaskiya ta yi nasara. Wannan shi ne sirrin littattafan. Mafi yawansu sunansu soyayya, amma cikinsu koke ne a kan auren dole da zaluncin kishi da sakin wulaƙanci da hana mace ilimi.

MA'AUNIN SHARI'A

So a kan kansa ba laifi ba ne. Aya ta 21 a Suratur Rum ta ƙidaya ƙauna da jinƙai tsakanin ma'aurata cikin ayoyin Allah. Suratu Yusuf ta kawo labarin so da jarrabawa da kamewa, Alƙur'ani kuma ya kira shi mafi kyawun labari. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Amru ɗan Asi (R.A.) ya tambayi Annabi (S.A.W.) wanda ya fi so cikin mutane, ya ambaci A'isha (R.A.) ba tare da ɓoyewa ba. Ibnu Majah kuma ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa babu abin da ya dace da masoya biyu kamar aure. Manyan malamai ma sun wallafa littattafai sukutum a kan so: Ibnu Hazmi na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya rubuta Ɗauƙul Hamama, Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya rubuta Raudatul Muhibbin.

Game da zaɓin mace, a duba ƙissar Barira da Mugisu a cikin Buhari. Bayan an ƴanta ta, ta zaɓi rabuwa da mijinta, shi kuwa yana bin ta a hanyoyin Madina yana kuka. Annabi (S.A.W.) ya sa baki, ta tambaya ko umurni ne, ya nuna mata ceto ne kawai yake yi, ta ce ba ta da bukatarsa, aka ƙyale ta. Haka Hansa'u ɗiyar Hizamu, bazawara ce da mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, ta kai ƙara, aka warware auren.

Gaskiya ne, a mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, uba yana da ikon aurar da ɗiyarsa budurwa. Amma malamai sun so ya shawarce ta, sun kuma bayyana cewa an ba shi ikon ne saboda ana kyautata zaton tausayinsa, ba a ba shi don ya cutar da ita ba. Wanda ya mai da wannan dama hanyar biyan bashi ko neman kusanci da mai kuɗi, ya ci amanar da aka damƙa masa. Hana mata ilimi kuwa, tun fiye da shekara ɗari biyu Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman da ke karantar da almajirai suna barin matansu da ƴaƴansu cikin jahilci, ɗiyarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin ƴan taru don kai ilimi ga matan ƙauyuka. Ke nan kuka da yawa da ke cikin littattafan nan, malamai sun riga marubuta yin sa.

INDA AIBI YAKE

Adalci ya wajabta mu faɗi ɗaya ɓangaren. Akwai littattafan da ke siffanta abin da ya kamata a suturta, musamman waɗanda ke yawo a waya, inda babu mai tacewa, wani lokaci ma babu sunan marubuci na gaskiya. Wannan batsa ce, haramcinta kuwa a fili yake, ko da an sa mata sunan wa'azi a shafin ƙarshe. Akwai masu cika labari da gidajen bene da motoci da tafiya Dubai, har yarinya ta raina saurayin da ke noman gero da riɗi a garinsu. Akwai masu nuna kashe kai ko zuwa wurin boka kamar mafita. Akwai kuma cin lokaci: a bar salla ta wuce, a bar tukunya ta ƙone, a bar hadda ta zube.

A 2007 hukumomin Kano sun ƙona wasu littattafai a bainar jama'a da nufin gyaran tarbiyya. Niyyar gyara abin yabo ce, amma rubutun bai tsaya ba, sai ma ya ƙaura zuwa waya, inda ashana ba ta kai wa. Daga 2016 kuma sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata marubuta, labaran da ke shigowa suna ta maimaita waɗannan matsaloli na gidan aure. Muddin ciwon yana nan, mai ciwo ba zai bar nishi ba.

NASIHA

Na farko, hukuncin labari hukuncin magana ne: mai kyansa mai kyau ne, mummunansa mummuna ne. Kada a yi wa littattafan kuɗin goro.

Na biyu, uwa ko yaya ko malama ta karanta abin da yarinya ke karantawa, sa'an nan ta zauna da ita. Ta tambaye ta: me kika gani game da abin da Sumayya ta yi? Da ke ce, wa za ki gaya wa? Sau da yawa amsar da za ta bayar a kan Sumayya, a kan kanta take bayarwa.

Na uku, iyaye maza su buɗe ƙofar shawara kafin a karɓi kuɗin gaisuwa. Idan kunya ta hana uba tambaya, ya aiki gwaggo ko kaka, a kuma kawo masa amsar yadda take, ba yadda yake so ba.

Na huɗu, ɗaliban madarasa da na makarantun islamiyya masu baiwar rubutu su ɗauki alƙalami. Labaran da muke karantawa na Kano da Kaduna ne. Ina labarin yarinyar Dogo-Dogo da mijinta ya tafi ci-rani Agadas ko Libiya, shekara uku ba aike ba saki? Ina na amaryar Sassumburum da tsadar kayan ɗaki ta tsayar da bikinta? Wanda ya san fiƙihu, ya kuma san garinsu, shi ya fi cancanta ya rubuta su.

Na biyar, ku kuma ƴaƴanmu masu karatu, ku sani marubuci yana da ikon kashe mugu ya azurta talaka a shafi guda, rayuwa kuwa ba haka take ba. Ku ɗauki darasi ku bar mafarki, ku rufe duk littafin da za ku ji kunyar a gan shi a hannunku, kada kuma labari ya shiga tsakaninku da salla da karatun Alƙur'ani.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sanya ƙauna da jinƙai a gidajenmu, Ya ba mu ikon sauraren waɗanda Ya ba mu amanarsu. Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.