Tafarnuwa Da Karen Gida

A ƙasar Bagwai, tun da aka sami ruwan madatsar Watari, noman rani ya bunƙasa, albasa ta wadata, tafarnuwa kuma ba ta yankewa a kasuwa. To, akwai maharba da masu karnukan gadin gona da kan daka tafarnuwa su zuba wa kare a tuwo, wai maganin tsutsar ciki da kaska. Yau a kansu za mu yi magana.

Gaskiya ne tafarnuwa tana da wani sinadari mai kashe waɗansu ƙwayoyin cuta. Amma likitocin dabbobi ba su tabbatar tana korar kaska ko tsutsa daga jikin kare ba. Abin da suka tabbatar shi ne ɓarnarta.

Ga yadda abin yake. Tafarnuwa da albasa dangi ne, dukansu suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, su riƙa fashewa. A shekarar 2000, masana a Jami'ar Hokkaido ta ƙasar Japan sun ba karnuka ruwan tafarnuwa, gwargwadon giram 5 a kowane kilo na nauyin kare, kwana 7 a jere. Karnukan ba su kwanta ba, amma da aka duba jininsu sai ga ɓarna a fili. Watau kare mai kilo 15, giram 75 ke nan kullum. Saboda haka in karenka ya lashe sauran miya sau ɗaya, kada hankalinka ya tashi. Wanda ake ɗura wa kullum shi ne abin tsoro. Dafuwa kuwa ba ta kashe dafin, shanya ma haka. Garinta da ake sa wa yaji ya fi ɗanya ƙarfi.

Wahalar ita ce ciwon ba ya nunawa ran nan, sai bayan kwana biyu, ko uku, ko fiye. Sai ka ga kare ya yi laushi, yana haki, ya ƙi abinci. Ɗaga leɓensa ka duba dasashi: in ya yi fari, fitsari kuma ya yi ja, daina ba shi nan take, ka kai shi asibitin dabbobi. A can ne kuma ake samun maganin tsutsa na sosai.

Kyanwa ta fi kare rauni a nan. Masu kiwo kuma ku lura, albasar da ta lalace a rumfa kada a jibga wa shanu, gama irin wannan ciwo yana kama su, sun ma fi tumaki da awaki saurin kamuwa.