Darasi: Kundayen Kakanni da Masu Binciken Jami'a



Abin da ya jawo wannan darasi wata tambaya ce da ake yawan yi mana a zaure bayan sallar La'asar, musamman daga iyayen yaran da suka ci jarrabawar shiga jami'a. Uba zai ce: "Malam, yaron nan ya ce tarihi zai karanta, ko harshe, ko adabi. Shin wannan karatu ne? Ba gara likita ko aikin gona ba?" Wani kuma zai ce baƙi sun zo garinsu da takarda daga Yamai, suna neman ganin littattafan mahaifinsa, shi kuwa bai san ko ya nuna musu ko ya ɓoye ba. Tambayoyin biyu asalinsu ɗaya, domin duka suna komawa ga mene ne aikin mai bincike, kuma mene ne amfaninsa ga mutumin Garhanga ko na Buza ko na Madawa.

Mu fara da abin da muka sani a gida. Bin diddigin labari ba Nasara ne ya kawo mana shi ba. Aya ta 6 a cikin Suratul Hujurat ta umurci muminai da su tabbatar da labari kafin su yi aiki da shi, kuma malaman hadisi sun gina ilimi sukutum a kan wannan: wa ya faɗa, daga wa ya ji, shin sun yi zamani ɗaya, shin mai riƙo ne ko mai mantuwa. Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya ɗauki wannan hanya ya shigar da ita cikin tarihi a littafinsa Muƙaddima da ya rubuta a 1377. Ya ƙara da cewa isnadi kaɗai ba ya isa, sai an auna labarin da hankali da yanayin ƙasa. Misalin da ya bayar shi ne adadin mayaƙa 600,000 da wasu marubuta suka jingina ga Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa (AS). Ya duba yawan kakannin da ke tsakanin Annabi Yaƙubu da Annabi Musa, ya duba girman filin da irin wannan runduna za ta buƙata, ya nuna lissafin bai tsaya ba. A yau ana karantar da Muƙaddima a jami'o'in Faransa da Ingila da Amurka. Saboda haka idan ɗanka ya ce tarihi zai karanta, sana'ar malamanmu ya nufa, ko da a wani harshe za a koya masa.

Sai dai an yi zamanin da manyan jami'o'in Turai suke ganin ba mu da abin da za a bincika. A 1963 wani shahararren malamin tarihi na Jami'ar Okisfod, Hugh Trevor-Roper, ya faɗa a bainar jama'a cewa abin da ake da shi a Afirka tarihin Turawa ne kawai, saura duhu. Ba da zagi aka ba shi amsa ba, da takardu aka ba shi. A 1964 John Hunwick ya kafa cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci a Jami'ar Ibadan, ya shafe rayuwarsa yana lissafa malaman ƙasashenmu da abin da suka wallafa. Juzu'in da ya ƙunshi ƙasar Hausa da Barno da Abzin ya fito a 1995. Wani ɗalibi Bature, Murray Last, ya zauna a Sakkwato a gaban Waziri Junaidu (1906-1997), Allah Ya jiƙansa, ya karanta wasiƙu da kundayen gidan waziri, ya fitar da littafinsa kan daular Sakkwato a 1967. A Zariya kuma Abdullahi Smith ya yaye ɗalibai irin su Yusufu Bala Usman, ya kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Mu lura da abu ɗaya a nan: ba don Waziri Junaidu da kakanninsa sun adana takardun nan ba, da ɗalibin ya koma gida hannu rabbana.

A ƙasarmu Nijar wannan aiki yana da gida. Cibiyar binciken ilimin ɗan Adam da ke Yamai, wadda aka fi sani da IRSH, asalinta reshe ne da Faransawa suka buɗe a 1944, aka haɗe ta da jami'a a 1974. A cikinta akwai sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami mai ɗauke da kundaye wajen 4,000. Tushensu shi ne abin da marigayi Bubu Hama (1906-1982) ya tattara lokacin da yake shugaban Majalisar Dokoki, yana aika mutane garuruwa suna saye ko suna kwafa. Gidauniyar Al-Furƙan ta birnin Landan ta buga fihirisar waɗannan kundaye, har mai bincike a Masar ko Maroko yana iya sanin abin da ke Yamai bai taka ƙasar ba. Akwai kuma cibiyar CELHTO, wadda aka fara a 1968 domin tarihin baka da harsuna, da Jami'ar Musulunci ta Say da ta buɗe a 1986.

To, me wannan ya haifa wa Adar? A nan ne za mu ɗan daɗe, domin gidanmu ne.

A 1975 Djibo Hamani ya fitar da bincikensa kan Adar kafin zuwan Turawa. Ya haɗa abin da ke rubuce a kundayen tarihin Agadas da littattafan malaman Sakkwato da abin da dattawa suka riƙe a ka. Ta irin wannan aiki ne ɗan lakkol na yau yake iya sanin cewa Agabba, ɗan Sarkin Abzin Muhammadu Al-Mubarak, ya ci Adar a 1674 bayan ta daɗe ƙarƙashin Kabi, kuma daga zuriyarsa sarautar Sarkin Adar ta Illela ta fito. Labarin yana bakin makaɗa da dattawa tun da, amma kowane gari da irin nasa, kowa yana ja wa kakansa. Mai bincike ne ya jera su gefe da gefe ya ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, sunan wannan malami take ɗauke da shi, kuma a ganinmu an yi daidai.

A shekarar nan ta 1975 wata Bafaranshiya, Nicole Echard, ta fitar da nata littafin kan yadda manoman Adar suke riƙe tarihinsu. Ta kuma yi bincike kan maƙera da kan bori. Mun san wasu ƴan'uwa za su ɗaure fuska da jin kalmar ƙarshe. Matsayinmu game da bori sananne ne, ba sai mun maimaita ba. Amma Shehu Usmanu da kansa ya rubuta al'adun da ya tarar a ƙasar Hausa dalla-dalla kafin ya yi hukunci a kansu, kuma mai wa'azin da bai san abin da mutanensa suka fito daga ciki ba yana magana ne a kan iska. Mun karanta irin waɗannan littattafai, mun sami abin da muka ƙaru da shi, mun kuma sami wuraren da baƙo ya ɗauki wasa a matsayin gaske, ko ya tambayi wanda bai sani ba ya rubuta amsarsa. Maganin wannan shi ne namu su shiga fagen su gyara.

Ga kuma babban misali a ƙofar gidanmu. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a ƙasar Madawa kabarinsa yake, Shehu kuwa an haife shi a Maratta kusa da Galmi a 1754. Shehu ya bi Malam Jibrilu har Agadas yana karatu. Da malamin ya wuce Makka, ɗalibin ya komo domin mahaifinsa bai ba shi izinin tafiya ba. Yaya aka san wannan? Saboda Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya rubuta malaman da suka karantar da shi da yayansa, da littattafan da suka karanta a gabansu, a cikin Ida'un Nusukh, Muhammadu Bello kuma ya yi makamancin haka ga malaman ƙasashen nan a Infaƙul Maisur a 1812. Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne, Shehu ya saɓa wa Malam Jibrilu a kan mas'alar kafirta mai aikata manyan zunubai, ya rubuta saɓanin da hujjojinsa, kuma bai fasa yabon malaminsa da girmama shi ba. Ƴan jami'a suna alfahari da cewa ɗalibi yana iya gyara malaminsa a rubuce. Mu a nan an yi shi shekara fiye da 200 da suka wuce, da ladabin da ya fi na yau.

Yanzu sai mu zo ga abin da ke damunmu. Mun taɓa halartar rabon gado a wani gari na wannan yanki, ba za mu ambaci suna ba. Mamacin malami ne ɗan malami, ya bar akwatin ƙarfe biyu da gafaka da dama. Da aka buɗe, ɗaya akwatin gara ta riga magada, sai gari. Ɗayan kuma, da yake littattafanmu na da ba a ɗinke su, warƙoƙi ne a jere, aka raba su tsibi-tsibi kamar damman gero, kowa ya ɗauki nasa. Farkon littafi ya tafi wani gida, ƙarshensa ya bi wani ɗa zuwa ci-rani. Warƙar ƙarshe kuwa ita ce mai daraja wajen mai bincike, domin a nan mai kwafa yake rubuta sunansa da na wanda ya yi wa kwafin, wani lokaci da gari da shekara. Mun yi magana a ranar, amma mun makara, kuma laifin har da mu da ba mu taɓa yin darasi a kai ba.

Mutane suna jin labarin Tambutu, inda a watan Janairu na 2013 aka ƙona ko aka sace kundaye wajen 4,000 na cibiyar Ahmad Baba, sai su yi salati. Gaskiya ne abin takaici ne. Amma ɗigon ruwan damina daga rufin soro yana yin irin wannan ɓarna a garuruwanmu kowace shekara ba tare da rediyo ta faɗa ba.

Kada kuma a ce ai duk Risala ce da Ishmawi da Ishiriniya, ana sayar da bugaggu a kasuwa. Mai bincike ba matani kaɗai yake karantawa ba. Yana ɗaga warƙa ga hasken rana ya ga alamar da ke cikin jikin takardar. Da yawa daga takardun da kakanninmu suka yi rubutu a kai a ƙarni na 19 suna ɗauke da jinjirin wata uku, daga masana'antun arewacin Italiya suka fito, suka ratso Tarabulus da Sahara a kan raƙuma. Da wannan yake kimanta shekarun kundi, ya kuma gane hanyar fatauci. Yana duba ƙananan rubutun da ke gefe da tsakanin layuka, inda malami ya fassara kalmar Larabci da Hausa ko Tamajak ko Fulatanci cikin ajami, ya ga yadda ake magana a Adar kafin a fara rubutun boko. Takardar bashi, da wasiƙar alƙali, da ijazar da malami ya ba almajiri, duk shaida ne. Binciken ajami ya kai har Jami'ar Boston ta Amurka, inda Fallou Ngom ɗan Senegal da abokan aikinsa suke ɗaukar hoton rubuce-rubucen Hausa da Wolof da Mandinka. Waƙoƙin Nana Asma'u (1793-1864) ma a warƙoƙin gida suke har Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara su a littafi ɗaya a 1997.

Ga wanda baƙi suka zo wa, abin da muke gani shi ne: ya nemi takardar shaidar cibiyar da ta aiko su, ya kira limami ko wani mai karatu ya zauna tare da su, a duba littattafan a gidansa, a ɗauki hoto a gabansa, a bar masa kwafi da jerin sunayen abin da aka ɗauka. Asali ba ya fita gida, kuma ba a sayar da shi ga ɗan kasuwa mai yawo, domin abin da ya shiga jakar wannan ba a sake jin ɗuriyarsa. Abin da ya shafi asirin iyali ko rigimar gona yana da ikon ya ware shi. Masu rabon gado kuma su sani cewa littafi ana yi masa ƙima ne a matsayin abu guda, ɗaya ya ɗauka ya biya sauran, ko su yarda su mai da shi waƙafi.

Uban da ya yi tambayar farko kuwa, ba za mu ɓoye masa ba cewa aikin albashi a wannan fanni kaɗan ne, a nan da Turai duka, inda jami'o'i da yawa suke rage kuɗin waɗannan sassa. Amma akwai gurbin da ba mai iya cika shi kamar yaronmu da ya yi allo, ya yi madarasa, ya iya Larabci da Faransanci, kuma Adaranci ne harshen uwarsa. Baƙo yana shafe shekaru kafin ya iya karanta hannun malamin ƙauye, yaron nan kuwa a kansa ya tashi. Muna roƙon limaman Keita da Buza da Madawa, kafin ruwa ya sauka, kowa ya zagaya gidajen malaman garinsa da littafin rubutu, a buɗe akwatuna, a kakkaɓe, a ɗora su kan abin da ya ɗaga daga ƙasa nesa da bango, a rubuta sunan kowane littafi da adadin warƙoƙinsa da gidan da yake.