DARASI: TARA GUZURIN TAFIYA AIKIN SA KAI A ƘASAR WAJE

'Yan'uwana ɗalibai, in mun ga baƙo ya zo daga wata ƙasa yana koyarwa a makaranta, ko yana taimako a asibiti ba don albashi ba, mukan ce lalle ɗan masu kuɗi ne. Ba kullum haka abin yake ba. Da yawa cikinsu sai da suka yi watanni suna tara kuɗin tafiya da guminsu da taimakon mutanen garinsu. Nufina in nuna yadda suke yi, domin watakila wata rana waninmu ya so tafiya irin wannan. Abin da nake so mu riƙe shi ne, kuɗin da aka tara daga hannun jama'a amana ne.

Asalin al'amarin

A shekarar 1958 aka kafa ƙungiyoyi biyu masu aika samari aikin sa kai. Ta Ingila ita ce VSO, wadda Alec Dickson da matarsa Mora suka kafa. Shi Dickson ba baƙonmu ba ne, gama a farkon shekarun 1950 ya shugabanci makarantar horon samari ta Man O' War Bay, kusa da Victoria, watau Limbe ta ƙasar Kamaru a yau. Ta Amurka kuwa ita ce Operation Crossroads Africa, wadda wani fasto baƙar fata mai suna James Robinson, na unguwar Harlem cikin birnin New York, ya kafa. Ɗalibansa sukan zo Afirka lokacin dogon hutu, su haɗu da ɗaliban ƙasa su gina makarantu da ɗakunan shan magani. Kowa yakan nemo rabonsa na kuɗin tafiya, in ya koma gida kuma ya zaga yana ba mutane labarin abin da ya gani.

Wa ke biya?

Hanya uku ce. Akwai inda gwamnati ke ɗaukar nauyi duka, kamar Peace Corps da Shugaba Kennedy ya kafa a 1961, da Technical Aid Corps da Nijeriya ta kafa a 1987 don aika malamai da likitoci da injiniyoyi ƙasashen Afirka da na Karibiyan da na tekun Pasifik. Akwai inda mai tafiya ke biyan komai. Akwai kuma inda ake raba nauyi. Misalin wannan shi ne shirin ICS na gwamnatin Ingila, wanda aka fara a 2011, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona. Samari da 'yan mata masu shekara 18 zuwa 25 sukan yi kamar wata uku a wata ƙasa, har da Nijeriya, suna aiki tare da samarin wurin. A lokacin gwamnati ke biyan mafi yawan kuɗin, amma akan nemi kowa ya tara aƙalla fam 800 kafin ya tashi.

Lissafi kafin roƙo

Kada mutum ya buɗe baki ya roƙi kowa sai ya san nawa yake bukata. Ya ɗauki takarda ya rubuta kuɗin jirgi ko mota, da fasfo, da biza, da allurar rigakafin shawara, da inshora, da abinci, da masauki. Ya tuna kusa ta fi nesa arha. Ɗan Nijeriya mai zuwa Gana ba ya bukatar biza in zamansa bai wuce kwana 90 ba, saboda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979.

Sa'an nan ya raba jimlar bisa makonnin da suka rage. Bari mu gwada da fam 800 ɗin nan. A ce saura mako 16 a tashi, watau fam 50 ke nan kowane mako. In saurayi ya ajiye fam 20 a mako daga ladan aikinsa, ya sami 320. Saura 480. Ya yi cinikin abinci sau huɗu, ribar kowane 60, ya sami 240. Saura 240. To, nan ne mutanen Ingila suke da wata dabara. Saurayi yakan ce zai yi tafiyar mil 20 a ƙasa, mutane su yi alkawarin ba shi kaza a kan kowane mil. In mutum 12 suka yi alkawarin fam ɗaya ɗaya, ya cike 240. Kun ga kuɗin da ya ba shi tsoro da fari ya zama ƙananan ayyuka.

Mu ma muna da namu hanyoyi. Akwai asusu, da noman rani, da koyar da yara lokacin hutu, da wasan kwaikwayo a kwaleji a karɓi kuɗin shiga. Akwai adashi, amma a lura, adashi ba ya haifar da sabon kuɗi, naka ne yake tara maka wuri ɗaya. Lalle mutum ya fara da aljihunsa, gama ba mai son taimakon wanda bai taimaki kansa ba.

Amana

Wanda ya karɓi kuɗin mutane yana da hakki uku a wuyansa. Na farko, ya binciki ƙungiyar da za ta kai shi, ya tambaya nawa ke isa wurin aikin, nawa ke tsayawa a ofis. Wannan ba wasa ba ne. An gano cewa a waɗansu ƙasashe akan raba yara da iyayensu a zuba su gidan marayu don a jawo kuɗin baƙi, har ƙasar Ostareliya ta lasafta wannan cikin bautar zamani a 2018. Na biyu, ya sayi littafi ya rubuta sunan kowane mai bayarwa da abin da ya bayar, ko kwabo ne, in tafiya ta fasa ya mayar wa kowa nasa. Na uku, in ya komo ya tara su ya faɗa musu abin da ya yi da kuɗinsu.

Akwai kuma tambayar da ta fi duka nauyi. Me zan kai musu wanda ya cancanci wannan kuɗi? In gini zan je yi alhali ban taɓa riƙe cokalin magini ba, gara a aika kuɗin a ɗauki maginin garin. Mu malamai sana'armu ita ce guzurinmu na fari. Wanda ya ƙware da koyar da lissafi ko karatu, ba zai ji kunyar miƙa hannu ga jama'a ba.

Tambayoyi

1. Kawo hanyoyi uku da ake biyan kuɗin tafiya aikin sa kai.
2. In ana bukatar fam 800 cikin mako 10, nawa za a tara kowane mako?
3. Don me adashi kaɗai ba zai isa ba?
4. Rubuta wasiƙa zuwa ga ƙungiyar mutanen garinku, ka faɗi inda za ka, da aikin da za ka yi, da nawa ka riga ka tara da kanka.