Gudummawar Masu Sharhi na Sa Kai ga Marubuta Ƙagaggun Labarai

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa a duk inda marubucin ƙagaggen labari ya rasa editan da zai tace masa aiki, mai sharhi na sa kai ne ke cike gurbin. Mai sharhi na sa kai shi ne wanda ya karanta littafi, ya auna jigonsa da salonsa da zubinsa, sa'an nan ya bayyana ra'ayinsa ba tare da wani kamfanin ɗab'i ya ɗauke shi aikin ba. Za a dubi tarihin al'amarin a taƙaice, daga baya a kawo shi kan marubutan Tambuwal da Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato.

Zamanin Edita

Ƙagaggun labaran Hausa na boko sun fara ne a hannun edita. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, kuma ba a buga su ba sai da aka bi su da gyara. Hukumar NORLA, da kamfanin NNPC da aka kafa a Zariya a 1966, sun ci gaba da wannan tsari. Amma da tattalin arzikin Nijeriya ya taɓarɓare a shekarun 1980, sai marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Littafi kan fito daga hannun mai shi ya faɗa maɗaba'a, daga nan sai kasuwa, babu wanda ya tsaya a tsakani.

Muhawarar Shekarun 1990

Wannan giɓi ne masu sharhi suka shiga. Ibrahim Malumfashi, wanda ya koyar a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ya soki littattafan soyayya a jaridar Nasiha, ya kuma kira su Adabin Kasuwar Kano. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu sun kare su, a muhawarar da ta kai ga filin adabi na New Nigerian Weekly ƙarƙashin Ibrahim Sheme. Ko da yake sukar ta yi wa marubuta ɗaci, ta jawo hankalin jami'o'i kan littattafan da a da ake yi wa kallon raini, har suka zama abin nazarin ɗalibai. Ashe suka mai hujja ta fi shiru amfani ga marubuci.

Marubucin Tambuwal da Kebbe

Marubucin da ke zaune a Tambuwal ko Kebbe ya fi na Kano bukatar irin wannan taimako, saboda dalilai uku. Na farko, harshe. Ya tashi da Sakkwatanci, inda ake cewa "shina" da "ɗiya" da "yat tahi", alhali daidaitacciyar Hausa na cewa "yana" da "'ya'ya" da "ya tafi". Mai sharhi nagari zai nuna masa inda ya cakuɗa su cikin bayanin mai ba da labari, ya kuma ƙarfafa masa ya bar karin harshen a bakin taurarinsa, domin nan ne yake ƙara wa labari armashi. Na biyu, nisa. Babbar kasuwar littattafan Hausa tana Kano, don haka sharhi ɗaya a jarida ko rediyo kan kai sunan littafi inda ƙafar mai shi ba ta kai ba. Na uku, gaskiyar yanayi. Wanda ya san ƙasar ne kaɗai zai gane idan marubuci ya ɗauko rayuwar birnin Kano ya jingina wa ƙauyen Kebbe.

Duba aikin ɗan'uwa don Allah ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Malaman Daular Sakkwato sun saba rubuta taƙarizi ga littattafan junansu, Tambuwal kuwa gari ne na zuriyar Muhammadu Buhari ɗan Shehu. Sai dai taƙarizi ya fi karkata ga yabo, shi kuwa sharhi dole ya haɗa da nuna kasawa.

Kammalawa

Darajar mai sharhi na sa kai tana cikin 'yancinsa: bai ci kuɗin kowa ba, saboda haka zai iya faɗin gaskiya. Idan ya mai da sharhi hanyar yabon aboki ko ramuwar gayya, ya zubar da wannan daraja. Ɗaliban sashen Hausa, musamman waɗanda ke komawa Tambuwal da Kebbe hutu, su ne suka fi dacewa da wannan aiki, tun da sun koyi ka'idojin tarke, sun kuma san harshen da mutanen da ake rubutu a kansu.