Fentin Ƙananan Sojojin Zamanin Da: Wasa Ne Ko Nazari?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya tambaya: me ya sa magidanta a Turai suke ɓata lokaci wajen shafa fenti a jikin 'yan mutum-mutumin sojojin zamanin da? Wannan ba wasan yara ba ne?

To malam, wasa ne, amma wasan da ke tilasta wa mai yin sa karatu. Tun 1824 rundunar Furushiya ta karɓi wasan yaƙi a kan tebur don koyar da hafsoshinta, kuma a 1913 marubucin Ingila H.G. Wells ya wallafa ƙa'idojin irin wannan wasa ga farar hula. Yau ana yin sojojin da ƙarfe ko roba, galibi masu tsayin milimita 15 ko 28. Wanda zai fenta rundunar janar Hannibal da ta gwabza da Rumawa a yaƙin Kanne, shekara 216 kafin haihuwar Annabi Isa, dole ya san cewa dakarunsa 'yan Afirka sun fito da makaman da suka ƙwace daga Rumawa, kamar yadda marubucin tarihi Folibiyos ya rubuta. In bai sani ba, abokan wasansa za su gane nan take.

Wani zai ce ai launukan sun shuɗe, duk zato ne. Da gaskiyarsa, domin har yau masana na jayayya ko rigar sojan Rum ja ce ko fara. Sai dai shaida ba ta ƙare ba. Garkuwar Rumawa da aka tono a Dura-Europos ta Siriya tana nan da jan fentinta da zanen zaki, kuma irin wannan shaidar ce ke yi wa mai fenti iyaka. Don haka malam, mu a ganinmu nazarin tarihi ne. A ci gaba da aiko mana da tambayoyi.