Darasin Wannan Wata: Koya Wa Yara Zaɓen Fitar Da Gwani

Ranar babban zaɓe, mutanen Jibiya sukan fito da sassafe su bi layi a rumfunan zaɓe. Kowa ya karɓi takardar ƙuri'a, ya ga alamun jam'iyyu a jere, ya dangwala wa ɗaya. Amma kafin wannan rana an riga an yi wani zaɓe. Shi ne zaɓen fitar da gwani. A can ne kowace jam'iyya take tsayar da mutum ɗaya daga cikin masu neman kujera. Idan jam'iyyu duka suka tsayar da baragurbi, mai ƙuri'a ba shi da nagari da zai zaɓa. Don haka ya kamata yara su san wannan zaɓe tun suna firamare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mene Ne Zaɓen Fitar Da Gwani?

Misali, mutum biyar 'yan jam'iyya ɗaya suna son kujerar majalisar tarayya ta Jibiya da Kaita. Kujera ɗaya ce, jam'iyya kuma ɗan takara ɗaya za ta tsayar. Sai 'yan jam'iyyar su taru su fitar da ɗaya. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ambaci hanyoyi uku:

1. Ƙato-bayan-ƙato: duk mai katin jam'iyya yana da ƙuri'a.
2. Zaɓen wakilai: a zaɓi wasu mutane kaɗan daga kowace mazaɓa, su je su zaɓa a madadin saura.
3. Sasanci: masu neman kujera su yarda su bar wa ɗaya, kowa ya sa hannu a takarda.

Jam'iyya ce take shirya wannan zaɓe. Hukumar zaɓe ta INEC tana aika ma'aikatanta su sa ido. Ƙaramar Hukumar Jibiya tana da mazaɓu 11, irin su Bugaje da Faru da Gangara da Riko. Daga irin waɗannan mazaɓu ne aikin yake farawa.

Abin Da Ya Faru A Baya

A 1992 jam'iyyu biyu ne a Nijeriya, SDP da NRC. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, mutumin Katsina, ya zo kan gaba a zaɓen fitar da gwani na SDP. Gwamnatin Janar Babangida ta soke zaɓen jam'iyyun biyu, ta ce an yi maguɗi. A 1993 aka sake da wani tsari mai suna Option A4. Mai neman shugabancin ƙasa sai ya fara cin mazaɓarsa, sannan ƙaramar hukuma, sannan jiha, kafin ya je taron ƙasa. Da haka SDP ta tsayar da Abiola a Jos, NRC ta tsayar da Bashir Tofa a Fatakwal.

Shugabannin ƙasa biyu 'yan Jihar Katsina su ma ta wannan ƙofa suka bi. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ci zaɓen fitar da gwani na PDP a Abuja a Disamba 2006, ya hau mulki a 2007. Muhammadu Buhari ya ci na APC a Legas a Disamba 2014, ya hau mulki a 2015.

Yadda Malami Zai Koyar

Yaro ya fi riƙe abin da ya yi da hannunsa. Malami yana iya yin amfani da zaɓen monita.

Da farko ya raba aji gida biyu. Kowane gida ya ɗauki alama, misali rumbu da rijiya. Kada a yi amfani da sunan jam'iyyar gaske, don kada rigimar manya ta shigo aji.

Na biyu, kowane gida ya sami yara uku masu son zama monita. Kowa ya tashi ya faɗi abin da zai yi game da shara da ruwan sha da kula da allo. Sauran yara su yi masa tambayoyi. Sannan kowane gida ya fitar da ɗaya. Wannan shi ne zaɓen fitar da gwani.

Na uku, aji duka ya zaɓi ɗaya daga cikin biyun. Kowa ya rubuta a ɓoye, ya naɗe, ya jefa cikin kwali. A ƙirga ƙuri'u a gaban kowa, a rubuta sakamako a allo. Wanda ya faɗi ya ba wanda ya ci hannu.

Malami ya hana rabon alewa ko gyaɗa. Idan wani ya raba, a tsaya a tambayi aji: alewar za ta kai gobe? Monitan kuwa zai yi shekara guda.

Wa Ke Da Ikon Jefa Ƙuri'a?

Wannan tambaya tana da nauyi a Jibiya. Daga Magama mota take ƙetarawa zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. Harshe ɗaya ne, akwai auratayya, ana cin kasuwa tare ran Lahadi. Duk da haka kowace ƙasa da zaɓenta. Mai zaɓe a Nijeriya dole ya zama ɗan Nijeriya, ya cika shekara 18, ya yi rajista, ya karɓi katinsa. Kawu ko goggo 'yan Nijar ba su da ƙuri'a a nan, kamar yadda ɗan Jibiya ba shi da ita a can. A zaɓen 2023 an rufe iyakokin ƙasa ranar zaɓe, aka kuma tantance masu zaɓe da na'urar BVAS mai duba yatsa da fuska. Yaron da bai kai 18 ba, kada ya yarda wani ya kai shi rajista. Laifi ne a doka.

Aikin Iyaye

Yaro yana kallon abin da ake yi a gida. Idan ya ga an karɓi taliya ko sabulu an sayar da ƙuri'a, shi ma haka zai tashi. Uba ko uwa da suka yi yaƙi da jahilci suna iya zama da yara su karanta takardun 'yan takara tare. Su tambaya: wane ne shi? Me ya taɓa yi wa garinsu? Me ya ce game da tsaro da taki da asibiti da noman rani a dam ɗin Jibiya? Aikin da ya yi alkawari, na kujerar da yake nema ne? Mai katin jam'iyya kuma ya halarci taron mazaɓarsa, ya san wakilin da aka tura da sunansa.

Tambayoyi

1. Wa ke shirya zaɓen fitar da gwani?
2. Waɗanne hanyoyi uku Dokar Zaɓe ta 2022 ta ambata?
3. Shekara nawa mutum zai cika kafin ya yi rajistar zaɓe?
4. Don me ake ƙirga ƙuri'u a gaban kowa?